Sandar Buba Tana Hannuna

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, ranar Talata, motarmu ta tsaya a tashar Serekunda ta ƙasar Gambiya. Mu uku muka sauka tare: ni Ishaya, da Buba, da Oga Sande wanda ya kwaso mu tun daga Kafanchan da alkawarin aikin otal a bakin teku. Na san lokacin ne domin na rubuta shi. Mahaifina ya yi aikinsa har ya tsufa yana ba jirgin ƙasa hannu a tashar Kafanchan, kuma bai yarda da labarin da ba a faɗi sa'arsa ba. Agogonsa ne a hannuna, ɗan littafi mai baƙin bango kuma a aljihuna.

Cikin mu ukun, ɗaya ya gudu, ɗaya yana kwance a ƙasar mutane, ni kaɗai na dawo. Mahaifiyar wanda yake kwance ba ta ji ba har yau. Saboda ita nake wannan rubutu, zan kuma bi shi daki-daki yadda ya faru.

Zango na farko shi ne tashar. Oga Sande ɗan unguwarmu ne, majami'armu ɗaya. Ya karɓi takardun tafiyarmu ya ce zai kai ofis a buga musu hatimi, mu jira shi a kan benci. Buba kuwa Bafulatani ne daga wata ruga a gefen Gwantu. Shanun gidansu sun ƙare, wasu ciwo, wasu ɓarayi, ya fito neman abin da zai sake kafa garke. Kwana tara muka yi a hanya ban ce masa ko sannu ba. Kun san yadda zamanmu da Fulani ya koma a shekarun nan. Ba zan ɓoye ba, a mota jakata nake sawa tsakanina da shi.

Muka zauna har rana ta karkata. Ina ta duban agogo. Can Buba ya jingina haɓarsa a kan sandarsa ta kiwo, wadda ya ƙi rabuwa da ita duk tsawon hanya, ya ce, "Kaɗo, agogon naka ya ce yaushe zai dawo?"

Na ce, "Ba na wasa da kai."

Ya ce, "Ai shi ma da ya tafi ba wasa yake ba. Tashi mu nemi abinci."

Akwai wani mai shago a bakin tashar, Mamadu, Bafulatanin Gine. Buba ya gaishe shi da Fulatanci. Nasu ya bambanta, amma suka gane juna. Mamadu ya yanka mana burodi ya cusa wake a ciki, ya nuna mana wani lungu a bayan shago inda za mu shimfiɗa kwali. Sai ya nuna ni da baki. Ban ji tambayar ba, ban ji amsar ba. Daga baya Mamadu ya gaya mini cewa Buba ya ce, "Ɗan'uwana ne, garinmu ɗaya." Oga Sande bai dawo ba, takardunmu ma haka.

Zango na biyu wata biyu ne na dako da wankin mota. Ba abin faɗi da yawa a ciki sai kewa. Ƙasar a shimfiɗe take kamar tabarma. Mahaifiyata 'yar Kagoro ce, na saba in ɗaga kai in ga dutse, a can kuwa in ka ɗaga kai sai sarari. Shinkafa da kifi safe da yamma, har na riƙa tuna paten acca ina haɗiyar yawu. Ranar Lahadi nakan je sujada, amma ba waƙa ko ɗaya da na sani, sai in motsa baki in fito.

Wata rana mun kai kaya wani otal, a hanyar dawowa muka bi ta wata gada. Muka ga Turawa huɗu sun tsaya da madubin hange a idonsu suna kallon wata bishiya, wani dattijo mai hular kaba yana ta nuna musu ba su ga komai ba. Buba ya tambaye ni abin da suka ɓatar. Na ce tsuntsu suke nema. Sai ya haɗa leɓe ya yi fito irin kukan ƙaramar mujiya, a hankali yana hawa sama. Kafin minti biyu ƙananan tsuntsaye sun cika reshen suna ta tsiwa, sun zo korar mujiyar da babu ita. Turawan suka juya madubansu kan reshen. Dattijon ya juyo ya dube mu ya ce da Turanci, "Wane ne ya koya maka?"

Na fassara. Buba ya ce, "Gaya masa zaman banza ne a bayan shanu."

Sunan dattijon Pa Lamin. Aikinsa ke nan, kai baƙi kallon tsuntsaye a fadamu. Washegari ya ɗauke mu aiki.

Zango na uku shi ne mafi daɗi, wata biyar. Gonakin shinkafa muke bi da tafkunan da ke cikin ƙasa, inda ruwa yake zaune wuri ɗaya kamar namu na gida. Aiki ya rabu haka: Buba ido, ni baki. Shi zai hango, ni in faɗa wa baƙi da ɗan Turancina na aji uku, in rubuta sunan tsuntsu da sa'ar da aka gan shi. Ni nake ɗaukar babban madubi mai ƙafa uku. Muna fita ƙarfe bakwai daidai, ban taɓa bari an wuce da minti ɗaya ba. Saboda haka Buba ya sa mini suna Tasha-masta.

Ya daɗe bai gane aikin ba. Ya ce, "Tasha-masta, tsaya. Ba su ci, ba su kamawa, ba su sayarwa?"

Na ce, "Kallo kawai."

"Suka biya jirgin sama don su kalli balbela? Wadda ke bin gindin saniyata kyauta?"

Amma shi ya fi kowa son abin. Zalɓe, dinya, kirinjijiya, zakaran ƙeƙuwa, duk da sunan gida yake kiransu, ni in buɗe littafin hotuna in nemo na Turanci. Pa Lamin ya nuna mana wani shaho mai kamun kifi da zobe a ƙafa, ya ce daga ƙasar baƙin namu yake zuwa gudun sanyi, in lokaci ya yi ya koma. Buba ya kalle shi ya ce, "Wannan dai ba wanda ya karɓe masa takarda."

A lokacin ne na tambaye shi sunan mahaifinsa, domin ina so in rubuta sunayenmu cikakku a bangon littafi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba."

Na ce, "Sunansa na yanka nake nufi. Na mahaifiyarka fa?"

Ya ce, "Inna." Sai ya yi dariya. "Ku Kaɗo ba ku da kunya. Ni in kama sunan wadda ta haife ni? Ita ma ba ta taɓa kiran nawa ba, ni ne na fari. In tana nemana sai ta ce, ina wancan?"

Na bar zancen, na rubuta Buba kawai. Yana da 'yar waya da yake kiran ƙanensa sau ɗaya a wata, a kai wa tsohuwarsa. Ban taɓa karɓar lambar ba. Ni da nake rubuta sa'ar da zalɓe ya sauka, ban rubuta wannan ba.

Zango na huɗu kwana ɗaya ne, Litinin. Pa Lamin ya kai mu bakin kogi, inda yake shiga teku. Wuri ne na taɓo da yashi, da wasu itatuwa masu tsayuwa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Can nesa akwai wani tudun yashi da kwasakwasa da ƙananan tsuntsaye masu dogon baki suke taruwa, ba su ƙirguwa. Da ƙafa muka je. A tsakiya akwai wani rafi da ruwansa bai wuce idon sawu ba. Pa Lamin ya ce ruwan teku yana janyewa yana kuma dawowa, in ya dawo duk inda muke tsaye ruwa ne. Na tambaye shi ƙarfe nawa yake dawowa. Ya dubi ruwan ya ce, "Yau, wajen sha biyu." Muka fito muka zauna a gaɓa. Ƙarfe sha biyu da kwata ruwa ya rufe rafin. Na rubuta: ruwa yana zuwa sha biyu da kwata. Kalmar "yau" ban rubuta ta ba.

Ku gane ni. A wurinmu kogi ba ya cika sai an yi ruwan sama a kan duwatsu. Abin da kuma yake zuwa kullum ba da hadari ba, a sanina, irin jirgin ƙasa ne, yana da sa'arsa. Haka kaina ya ɗauka.

Zango na biyar, Juma'a, kwana goma sha ɗaya bayan wannan. Pa Lamin ya tafi jana'izar yayarsa a ƙauye. Ya ce mu kai baƙi biyu gonakin shinkafa, wani tsohon Bature da matarsa. Matar ta ce ita tudun kwasakwasa take so, gobe za su koma ƙasarsu. Ni na ce za mu kai su. Ina so Pa Lamin ya dawo ya tarar na iya.

Ƙarfe bakwai da minti biyar muka taka taɓon. Ba mu yi nisa ba muka haɗu da matan da ke ciro dodon koɗi daga saiwoyi, kwanduna a ka, suna fitowa. Ɗaya ta tsaya tana mana magana da yarensu tana nuna teku.

Buba ya ce, "Tasha-masta, matan nan dawowa suke, mu muna tafiya."

Na ce, "Sun gama aikinsu ne."

"Ranar da muka zo da Pa, tare muka shiga da su. Kuma ran nan wata ɗan kwana uku ne, yanzu ya kusa cika. Mamadu ya ce ruwan nan wata yake bi."

Na zaro littafi na buɗe masa shafin, ko da yake na san ba ya karatun boko. Na ce, "Ga shi a rubuce. Sha biyu da kwata. Kai kiwo ka sani, ni aka koya wa lokaci."

Sai ya ce, "To. Amma ka fito da ni in sami Juma'a."

Na ce, "Sha ɗaya muna gaɓa."

Muka haye rafin, muka isa tudun. Na kafa madubi. Tsuntsaye sun yi kyau ranar, ba zan hana su ba. Tsohuwar Baturiyar tana kallo tana share hawaye. Ni ina duban teku a gabanmu, yana can nesa. Ban san cewa ta baya ruwan yake zagayowa ba.

Ƙarfe tara saura minti goma Buba ya taɓa kafaɗata da sanda. Na juya. Rafin ya zama kogi, yana gudu zuwa cikin ƙasa, ba hadari, ba iska, rana tana haske. Abin da na fara yi shi ne duban agogo. Na ce, "Ai lokaci bai yi ba."

Buba ya ce, "Gaya wa ruwan."

Kafin mu kai bakin rafin ruwa ya kai ƙugu. Buba ya saba haye kogi da shanu. Ya goya tsohuwar ya haye da ita. Ya dawo ya riƙe mijin a hammata ya kai shi, ruwa a ƙirji. Ni ban iya iyo ba. Na shiga da madubin a kafaɗa domin kayan Pa Lamin ne, nauyinsa ya danna ni, taɓo ya kama ƙafafuna har cinya. Ruwa ya zo mini wuya. Na kira sunan Yesu, na kira mahaifiyata.

Buba ya dawo karo na uku. Ya ce, "Yar da wannan abin!" Na yar. Ya miƙo mini sanda ya ce, "Riƙe da hannu biyu, Kaɗo, kada ka saki ko me ya faru." Ya ja, ban fito ba. Sai ya saki nasa gefen, ya nutsa, na ji hannunsa yana tone ƙafata ta dama, sannan ta hagu. Ya taso ya tura ni da ƙarfi wajen saiwoyin. Na maƙale, na hau. Na juya na miƙa masa sandar. Tana isa wurin da yake, amma shi ba ya nan. Na ga hularsa tana tafiya.

Ƙarfe tara da minti arba'in matan nan suka zo da kwalekwale. Sun ga shigarmu, ba su tafi gida ba. Suka sauko da ni daga itacen. Sai da wata ta ɓanɓare yatsuna daga sandar kafin in iya zama.

Zango na shida, Asabar. Da ruwa ya janye aka same shi a cikin saiwoyi. Wayarsa ba ta jikinsa. Mamadu ya rufe shago, ya tara mutanen masallacinsu, suka yi masa wanka da sutura. Na tsaya a gefe da hulata a hannu. Limamin ya aiko a tambaye ni, ɗan wane ne, wa za a sanar? Na buɗe bangon littafina. Buba kawai. Takardarsa tana hannun Oga Sande, lambar ƙanensa tana cikin teku. Aka binne shi ƙarfe biyu da rabi.

Pa Lamin ya dawo ya ce ƙaddara ce, ruwa ya ci waɗanda aka haifa a bakinsa ma. Turawan suka rungume ni. Ba wanda ya ji abin da Buba ya faɗa da safen nan sai ni, domin da Hausa muka yi. Na bar su a haka. Yau nake faɗa: ya gani, ya gaya mini, na rufe masa baki da littafi.

Ban ƙara shiga fadama ba. Mamadu ya haɗa ni da direbobin manyan motoci, wannan ya miƙa ni ga wancan, har na iso gida. A kowane shinge sai an tambaye ni me Kirista yake yi da sandar Fulani.

Zango na ƙarshe shi ne wanda nake ciki, shekara ta biyu ke nan. Na je Gwantu sau bakwai. Rugage da yawa sun tashi, wasu sun yi Nasarawa, wasu Filato, wasu ba a san inda suka nufa ba. Waɗanda suka rage ba su saki jiki da baƙo irina, ban kuma ga laifinsu ba. In na ce ina neman gidan su Buba, sai a ce wane Buba, kowane gida da nasa. A gida ma kawuna ya ce, "Ishaya, kana yawo ruga-ruga saboda ɗan Fulani? Sai sun yanka ka?" Na ce, "Kawu, wuyan da za su yanka ɗin, shi ya fito da shi daga ruwa."

A zuwana na biyar, ranar kasuwa, na bi layin masu nono ina tambaya ɗaya bayan ɗaya, "Mama, kina da ɗa mai suna Buba da ya tafi ƙasar waje?" Wata tsohuwa siririya ba ta amsa ba. Ta dubi sandar tun daga sama har ƙasa, ta daɗe. Sai ta rufe ƙwaryarta da faifai ta juya mini baya. Na ɗauka ƙi ne, na wuce. Ina cikin mota, mun kusa Kafanchan, sannan na tuna abin da ya gaya mini: ba ta kama sunansa. Uwa ba za ta amsa zancen ɗan fari a tsakiyar kasuwa a gaban baƙo ba. Na sake yin kuskure irin na farko, na tambaya yadda ake tambaya a wurinmu. Na koma kasuwa biyu a jere, ban ƙara ganinta ba. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, ban sani ba.

Ga abin da na sani game da shi, a jere. Dogo ne, fari, ɗan fari a ɗakinsu. Yana da tabon igiya a babban yatsan hannun hagu. Yana fito irin kukan ƙaramar mujiya har tsuntsaye su taru. Mahaifinsa ya rasu, yana da ƙane namiji mai waya. Sandar tana da zoben jan ƙarfe biyu a kai, an ɗaure tsagewar gindinta da fata.

Kai mai karatu, in kana cin kasuwar Gwantu, ko kana sayen nono a hannun matan rugagen wajen, ko kana da maƙwabci Bafulatani da ya taso daga can, ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka tambayi uwa, kada ka kira sunan. Ka tambayi maƙwabciya ko ƙane a gefe, cikin natsuwa, ko akwai tsohuwar da wayar ɗanta ta daina shigowa daga bakin teku. In ka samu, kada ka faɗa mata komai, wannan nauyina ne. Ka aiko a neme ni a layin masu citta na kasuwar Kafanchan, a ce Ishaya mai sanda. Zan zo in durƙusa in gaya mata cewa wancan bai manta da ita ba, an yi masa salla, an binne shi a hannun mutanen kirki, kuma ni ne na ce lokaci bai yi ba. Sannan in ba ta sandar.